Waƙa 14, Bargo Ɗaya: Nazarin Shirya Wani Wasan Waƙa na Kirsimeti

Tushen lamari

Matar da wannan nazari ya bi sawunta malamar kiɗa ce, ta shekara 9 tana jan ragamar kwayar wata majami'a. Ta iya raba murya huɗu, ta san inda mawaƙi zai ja numfashi, amma ba ta taɓa ba da umarni a wasan dandamali ba. Abin da majami'ar ta saba yi kowace shekara shi ne yara su fito da shigar makiyaya da mala'iku, a karanta Luka 2:1-20, a haɗa da zuwan masana taurari daga Matiyu 2:1-12, kwaya ta rera waƙa uku ko huɗu, a tashi. Irin wannan nuni ya daɗe a duniya. Tun a 1223 Faransis na Asisi, wani malamin addinin Kirista, ya shirya komin dabbobi da sa da jaki masu rai a Gireciyo ta ƙasar Italiya don mutane su ga yanayin haihuwar Yesu da idonsu. A wannan karon dattawan ikilisiya suka nemi abin da ya ɗara haka: cikakken wasan kwaikwayo mai waƙa, jigonsa ƙauna da bayarwa, a nuna shi dare biyu, 20 da 21 ga Disamba.

Ita ta rubuta labarin da kanta. Daren jajibirin Kirsimeti ne a wata tashar mota, motar ƙarshe ta ƙi zuwa, matafiya 9 sun maƙale cikin sanyi. Cikinsu akwai wata tsohuwa da ta ɗauko bargon da ta saƙa wa jikan da ba ta taɓa gani ba, domin ita da 'yarta sun shekara 6 ba sa ga maciji. Akwai kuma wata matashiya mai jego, ba ta da abin lulluɓe jaririnta. Kafin gari ya waye tsohuwar ta ba da bargon. Tsakanin fitowa da fitowa, yara na nuna labarin haihuwar Yesu.

Ga abin da ke hannunta. Zaure mai kujera 250, tsawonsa mita 24, bango da daɓe duk siminti. Makirufo marar waya 4. Makaɗa 4: mai kibod, mai jita, mai bas, mai ganga. Gwaji sau biyu a mako, Talata da Asabar, awa 2 kowane, na tsawon mako 14. Jimla awa 56 ke nan.

13 zuwa 30 ga Satumba: rabon matsayi

Ranar 13 ga Satumba aka yi gwajin murya. Mutum 41 suka zo, ba ta mayar da ko ɗaya ba: manya 9 masu magana a wasan, 18 a kwaya, yara 14. Rubutun farko yana da waƙa 7. Cikin mako biyu suka koma 14, kuma kusan duk ƙarin ta hanya ɗaya ya shigo. Wani zai tare ta bayan gwaji ya ce, "Malama, ni ba ni da ko baiti ɗaya ni kaɗai?" Sai kunya ta kama ta, ta je gida ta tsara masa waƙa. Mai gadin tasha ya sami tasa, direban da bai zo ba ma aka ƙirƙiro masa fitowa don ya rera tasa.

A wannan lokaci ne mai kibod ya tsayar da ita kan waƙoƙin zamani 3 da ta so ta ara. Tsofaffin waƙoƙin Kirsimeti da marubutansu suka daɗe da rasuwa kowa na iya rerawa, amma na zamani suna da masu haƙƙi. Yarjejeniyar Berne, wadda ƙasashe suka ƙulla kan haƙƙin marubuta, ta sa mafi ƙarancin kariya shekara 50 bayan rasuwar marubuci, ƙasashe da yawa kuma sun kai tasu 70. Ko tsohuwar waƙa ce, idan wani ya yi mata sabon tsarin kiɗa, tsarin nan na iya zama nasa. Saka waƙa cikin wasan kwaikwayo kuma yakan buƙaci izini na daban, ba irin na rerawa lokacin sujada ba. Ta ajiye ukun, ta tsara nata. Wannan ya cinye mata mako guda.

Oktoba: kowane yanki na tafiya daidai

Duk watan Oktoba an yi aiki ne gunduwa-gunduwa. Talata ta waƙa ce, Asabar ta magana da tsayuwa. Yara na gwaji a wani ɗaki tare da wasu iyaye mata biyu. Kowa ya fita gwaji da fara'a, domin kowace waƙa ita kaɗai tana da daɗi. Ba wanda ya riƙe agogo.

Masu wasan dandamali suna da wani lissafi na baka, cewa kowane minti ɗaya da 'yan kallo za su gani yana neman kusan awa ɗaya na gwaji. Ba doka ba ce, amma bisa wannan ma'auni awa 56 na iya ɗaukar wasan da bai wuce minti 56 ba. Malamar ba ta san wannan lissafi ba a lokacin.

1 ga Nuwamba: gwajin farko daga fari har ƙarshe

Wani ɗan kwaya da mura ta hana shi rera waƙa ranar ne ya zauna da agogon wayarsa ya rubuta komai. Wasan ya ci minti 128. Waƙoƙi 14 sun ɗauki minti 55, magana 48, sauya kayan dandamali sau 11 ya ɗauki 17, sauran 8 kuma sun tafi a miƙa makirufo daga wannan hannu zuwa wancan da neman yaron da ya ɓace.

Ban da tsawo, an ga abubuwa uku. Daga layi na 8 zuwa baya ba a jin kalmomin waƙa, sai ƙara. Kowace waƙa tana farawa da saurinta amma kafin baiti na biyu ta fara jan ƙafa. Sannan fitowar da tsohuwa ke ba da bargo, wadda ita ce zuciyar wasan, ta wuce ba wanda ya ko ɗaga kai daga wayarsa cikin waɗanda ke zaune suna jiran nasu lokacin. A wannan fitowa tsohuwar tana miƙa bargon, ta juyo ga 'yan kallo, ta rera waƙar minti 5 kan albarkar bayarwa, kwaya na yi mata amshi.

4 zuwa 15 ga Nuwamba: abin da aka gwada bai yi ba

Da farko ta yi ƙoƙarin rage tsawo ba tare da ta ɓata wa kowa ba. Ta cire baiti ɗaya daga kowace waƙa, ta kuma ce wa makaɗa su ƙara sauri. An sami ragin minti 11. Amma a zaure mai bangon siminti sauti na daɗewa yana yawo kafin ya mutu, don haka da sauri ya ƙaru sai kowace kalma ta hau kan wutsiyar wadda ta gabace ta. 'Yan kalmomin da ake ji a da ma suka ɓace.

Sai aka ƙara ƙarfin lasifika. Sakamakon shi ne ƙarar nan mai huda kunne da ke tashi idan makirufo ya ɗauki sautin lasifika ya mayar mata, ita ma ta sake fitar da shi, abin ya riƙa zagaye. Mai kula da na'ura ya kwashe gwaji biyu hannunsa na kan maɓalli, yana ɗagawa yana saukewa.

Ganin ba a fahimtar labarin, ta shigo da mai ba da labari. Wani dattijo mai kyakkyawar murya ne, yakan fito kafin kowace fitowa ya faɗi abin da za a gani. Ya ƙara minti 6, kuma da zarar ya gama bayani babu sauran abin jira a fitowar da ke biye. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Na ƙarshe, ta ƙara gwaji na uku ranar Alhamis. Alhamis ta farko mutum 29 suka zo, ta biyu 17. Mafi muni, waɗanda suka zo Alhamis suka fara fashin Asabar. Mutane ne masu aiki da iyali, kyauta suke ba da lokacinsu. Ta soke Alhamis ɗin.

15 ga Nuwamba: baƙi uku

Shawarar ta fito ne daga wani tsohon malamin makaranta da ya taɓa shirya wasannin ɗalibai. Ya ce mata, "'Yata, ke kin san labarin, 'yan wasanki sun sani. Nemo waɗanda ba su sani ba su taya ki gani." Ta gayyato mutum uku da ba su karanta rubutun ba, ba su kuma da ɗa ko ɗan'uwa a ciki. Wasan ya ci minti 123 ranar. Da aka gama ta ba kowannensu takarda da tambaya uku: labarin wa kuka kalla, me yake so, me ya rasa a ƙarshe?

Ɗaya ya ce labarin mai gadi ne, don shi ya buɗe wasan da waƙa. Ɗaya ta ce na mai jego ne. Ta uku ce kawai ta ambaci tsohuwa, kuma a tambaya ta ƙarshe ta rubuta, "Ba ta rasa komai ba, bargo ne kawai." Da malamar ta koma kan rubutun ta duba, sai ta ga zancen 'yar da aka yi shekara 6 ba a magana da ita ya zo ne a layi biyu kacal, a minti na 20, daidai lokacin da ake jan benci a bayan mai maganar. A tunanin malamar bargon nan shi ne ban-haƙurin da tsohuwar ta kasa furtawa da baki, shi ne dalilin da za ta kafa ta ƙwanƙwasa ƙofar 'yarta. A dandamali kuwa ƙyalle ne kawai.

18 zuwa 29 ga Nuwamba: yanka

Ta rubuta sunayen waƙoƙin 14 a allo, ta yi wa kowace tambaya ɗaya: idan aka cire ta, akwai abin da ɗan kallo zai kasa fahimta a fitowa ta gaba? Waƙa 6 suka faɗi wannan jarrabawa, kuma duka shidan na cikin waɗanda aka ƙara saboda roƙo. Aka bar 8.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ba ta sanar a taro ba, ta kira mutum shidan ɗaya bayan ɗaya kafin gwajin 18 ga wata. Huɗu suka karɓa, wasu da murmushin yaƙe. Ɗaya ya yi shiru na mako guda sannan ya dawo. Wata kuma, wadda ta riga ta gayyato danginta su zo su ji ta, ta fita daga wasan gaba ɗaya tare da 'ya'yanta biyu da ke cikin makiyaya. Adadi ya koma 38. Ga biyar ɗin da suka tsaya, malamar ta tsara waƙa ɗaya ta buɗe wasa inda kowane matafiyi ke da layi huɗu yana faɗin inda za shi da wanda ke jiransa. Cikin minti 4 an gabatar da mutum 9.

Babban sauyi ya shafi tsohuwar. An cire waƙar albarkar bayarwa daga inda take. Maimakonta aka tsara wata sabuwa aka kawo ta minti na 15: kowa ya yi barci a kan benci, tsohuwar ta buɗe bargon tana gyara zaren da ya kwance, tana rera abin da za ta ce idan 'yarta ta buɗe ƙofa, tana fasawa, tana sake wani. Babu kalmar bayarwa ko ɗaya a cikinta. Fitowar ba da bargon kuwa aka bar ta babu waƙa, babu magana.

Matar da ke fitowa a tsohuwa, 'yar shekara 63, ba ta so hakan ba. Ta ce, "Malama, kin ƙwace min waƙa a inda jama'a za su tafa." Malamar ta ce, "Mama, ku gwada min sau uku. In bai yi ba, za a mayar muku da ita." A gwaji na farko ta miƙa bargon cikin daƙiƙa 10, kamar mai miƙa canji. Sai suka tsara tafiyar dalla-dalla: ta ji kukan jariri, ta juya baya, ta sake ji, ta mayar da bargon cikin jaka ta ɗaure, ta tashi kamar za ta canza wurin zama, ta tsaya, sannan ta dawo ta kwance jakar. A gwaji na uku ya kai daƙiƙa 70, kuma 'yan kwaya da ke hira a gefe suka yi tsit ba wanda ya ce su yi. Matar da kanta ta kawo ƙarin da ya tsaya a wasan: bayan ta lulluɓe jaririn, ta koma mazauninta ta ninke jakar da babu komai a ciki, ta ɗora a cinya.

Malamar ta gaya wa 'yan wasa cewa daga Markus 12:41-44 ta gane kuskurenta. Gwauruwar da ta jefa ƙananan tsabar kuɗi biyu a baitulmalin Haikali ba ta ce uffan a labarin ba. Abin da ya ba kyautar nauyi shi ne an sanar da mai sauraro cewa iyakar abin da take da shi ke nan.

Sauran gyare-gyaren ba su ɗauki dogon lokaci ba. An sallami mai ba da labari, aka ba shi karatun Luka a fitowar yara. Fitowa uku da yara ke yi aka haɗe ta zama ɗaya ta minti 9 a tsakiyar wasan, a matsayin mafarkin mai jego. Dandamali ya koma tasha ɗaya tilo mai benci 4 da fitila, sauyi 11 ya koma 2.

2 zuwa 18 ga Disamba: sauti da murya

Dalilin jan ƙafar waƙoƙi ya bayyana ne da mai bas ya tambayi me ya sa aka ajiye su a ƙarshen zaure. Amsar ita ce can soket da na'urar haɗa sauti suke. Tsakaninsu da dandamali mita 20 ne. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, wato bugun ganga na isa ga mawaƙa bayan kusan daƙiƙa 0.06, muryarsu kuma ta sake ɗaukar irin wannan lokaci kafin ta komo ga mai ganga. Shi yana jin sun makara sai ya ɗan jira su, su kuma su jira shi. Aka sayi doguwar waya aka dawo da makaɗa gefen dandamali inda suke ganin hannun malamar. Matsalar ta kau a gwaji ɗaya.

Kan jin kalmomi, an bar ƙara ƙarfi aka koma rage abin da ke danne murya. Mai ganga ya ajiye sanduna ya koma burushi, mai taushin bugu, a waƙa 5. An matso da lasifikoki gaban dandamali suna fuskantar jama'a, yadda ba wanda zai tsaya da makirufo a gabansu. An rataya labule masu kauri a bangon baya. Makirufo 4 aka liƙa wa mutum 4 da suka fi magana daga farko har ƙarshe, kusa da baki, domin duk lokacin da tazara ta ninka ƙarfin sautin da ke shiga na raguwa da kusan desibel 6, wato ma'aunin ƙarfin sauti. Sauran aka koya musu fuskantar jama'a da furta ƙarshen kalma. Waƙar yara kuma aka sauke mata murya, saboda samari biyu cikinsu muryarsu ta fara buɗewa, ba sa iya kaiwa sama.

Ranar 11 ga Disamba muryar tsohuwar ta dushe bayan mura. Babu wadda aka tanada ta maye gurbinta. An hana ta rera waƙa har kwana 5, an kuma hana ta raɗa, don raɗa ma na wahalar da maƙogwaro. Ta riƙa zuwa gwaji tana yin tafiyarta a shiru, wata 'yar kwaya na rera mata daga gefe. Mai kibod ya sauke waƙar da mataki biyu. A gwajin ƙarshe da cikakkiyar shiga, 18 ga wata, ta rera da kanta, muryar na ɗan karcewa a sama. Wasan ya ci minti 74.

20 da 21 ga Disamba

Daren farko minti 77, na biyu 75. Zauren ya cika duka biyun, kuma cikar ta taimaka, domin jikin mutane da tufafinsu na shanye amsa-kuwwar da ta addabi gwaji. Ƙarar lasifika ta tashi sau ɗaya a daren farko, lokacin da mai gadi ya manta ya sauko gaban dandamali. Wani mala'ika ɗan shekara 5 ya ƙi fitowa a dare na biyu. A fitowar bargo ba a tafa ba duka daren biyu, har sai da fitila ta mutu.

Malamar ta sa an yi wa mutum 10 tambayoyin nan uku a bakin ƙofa a dare na biyu. Tara suka ce labarin tsohuwa ne. Takwas suka ce abin da ta rasa shi ne abin da za ta shiga gidan 'yarta da shi. Da yawa suka tambayi ko 'yar ta buɗe mata ƙofa, abin da wasan bai faɗa ba.

Hukunci

A ganina matsalar sauti, duk da ita ta fi damun kowa a Nuwamba, ita ce ƙarama. Doguwar waya da labule da burushi suka magance ta cikin mako ɗaya, kuma da an yi gwaji ko sau ɗaya da makaɗa a zauren tun Oktoba da an gano ta. Ainihin ciwon tun Satumba aka shuka shi, ranar da waƙa ta zama abin rabo don faranta wa mai roƙo. Daga nan kowace waƙa ta koma tsayar da labari don wani ya nuna muryarsa, kuma waƙar da ta fi kowace tsayar da shi ita ce wadda ke bayyana jigo ƙarara. Duk gyaran da aka gwada tsakanin 4 da 15 ga Nuwamba ya gaza ne don an tsara shi yadda ba wanda zai ji zafi. Abin da ya yi aiki shi ne mayar da waƙar tsohuwa inda ɗan kallo ke buƙatar sanin darajar bargon, aka bar miƙawar ga ido.

Amma ba zan ce an ci nasara tsaf ba. Mako 7 aka yi kafin a auna tsawon wasan, sai mutum 6 suka biya kuɗin wannan jinkiri da waƙoƙin da suka riga suka haddace. Ƙin mutum a ranar gwajin murya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ƙwace masa waƙa bayan wata biyu. Rashin mai maye gurbin tauraruwa kuwa sa'a ce kawai ta rufe shi. Matar da ta fita da 'ya'yanta ba ta zo kallo ba, kuma har ƙarshen Janairu ba ta koma kwaya ba. Malamar ta je gidanta sau biyu.